Yadda makarantar yara ƙanana za ta binciki ma'auninta da kanta

Ina riƙe da wata ƙaramar maternel, wato makarantar yara ƙanana kafin firamare, a Garwa ta Kamaru, kuma wannan rubutu na 'yan uwana ne masu riƙe da irinta, ta gwamnati ce ko ta kuɗi ko ta al'umma irin waɗanda ke ƙauyukan Binuwai. Dukanmu muna auna yara. Muna cika bultin, wato takardar sakamakon yaro, a ƙarshen kowane zango, muna kai alƙaluma ofishin inspekta, wasu kuma wata ƙungiya ta taɓa kawo musu takardun gwaji, ta koya musu cikewa a gurguje, ta tafi. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu zauna mu tambayi kanmu ko alƙaluman nan gaskiya suke faɗa. Manomin auduga ba ya bari a ɗora masa kaya sai ya ga allurar sikeli ta tsaya a kan sifiri. Mu kuwa sai mu yi shekara da shekaru muna awo da ma'aunin da ba wanda ya taɓa dubawa.

Abin da zan bayyana takarda ce ta binciken kai. Mu take aunawa, ba yaro ba: wa ya yi gwajin, da wane harshe, yaushe, ina aka rubuta sakamakon, wa ya karanta, me aka canza saboda shi. Zama ne na yini guda, sau ɗaya a shekara, kuma kuɗin da zai ci bai wuce na fotokofi da shayi ba.

Dabarar daga Amurka ta fito. A can, shirye-shiryen da ke kula da ƙananan yara masu buƙata ta musamman suna kai wa gwamnatin tarayya rahoto a kan abubuwa uku: yadda yaro ke zama da mutane, yadda yake samun ilimi yana aiki da shi, da yadda yake biya wa kansa buƙata kamar ci da sha da sa tufafi. Don jihohi su san ko alƙalumansu abin dogaro ne, wata cibiya mai suna ECTA da ke jami'ar Karolina ta Arewa ta tanadar musu takardar binciken kai wadda ta raba aikin kashi bakwai: manufa, tattara bayanai da isar da su, nazari, rahoto, aiki da sakamako, bitar tsarin kansa, da haɗin kai da sauran hukumomi. Tasu an yi ta ne don jihohi masu kwamfutoci da ma'aikatan ƙididdiga. Ni kashi bakwai ɗin kawai na ɗauka, tambayoyin kuwa na zuba namu na Garwa.

Kada a rikita wannan da kayan gwajin yara. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba a 2015, aka sa batun yara ƙanana a ƙarƙashin lamba 4.2, kayan gwaji suka yawaita. Akwai ECDI2030 na UNICEF, tambayoyi 20 da ake yi wa uwa a kan ɗanta mai wata 24 zuwa 59. Akwai IDELA na Save the Children, ayyuka 22 da ake yi da yaron kansa cikin kamar rabin awa. Akwai MELQO da UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya da cibiyar Brookings suka fara a 2014, mai ɓangare biyu, ɗaya na duba yaro, ɗaya na duba aji. Ko da wanne kuke aiki, ko ma da takardar da kuka zana da kanku daga manhajar da MINEDUB, ma'aikatar ilimin firamare, ta fitar a 2018, binciken kan iri ɗaya ne.

Wa zai zauna, me za a kawo

Ku zaɓi Asabar ɗaya. Ni na fi son watan Yuni, an gama shekara amma malamai ba su watse hutu ba. Farkon Satumba ma ana iya yi, sai dai a lokacin hankalin kowa yana kan rajista da kuɗin makaranta.

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: shugabar makaranta, malaman ajin matsakaita da na manya, malamin SIL, wato ajin farko na firamaren da yaranku suka fi shiga, ma'aikacin lafiya na unguwa in zai samu zuwa, da uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye. Uwa nake nufi, ba Alhajin da ke shugabancin ƙungiyar ba, don ita ce ta san ko yaro ya sha kunu kafin ya fito. Wanda zai ja zaman kada ya zama shugabar makarantar. Mu musaya muke yi da wata 'yar uwa da ke wata unguwa, in je in ja nasu, ta zo ta ja namu. Malama ba za ta iya cewa "ba ma yi" a gaban mai biyanta albashi ba in ita ce ke yin tambayar.

Kafin a zauna a jera kaya a tebur: rajistar kowane aji, bultin ɗin yara goma da aka zaro ba tare da an zaɓa ba, takardun gwajin farkon shekara da na ƙarshe, kwafin abin da aka kai wa inspekta, da littafin zaman malamai in akwai.

Maki daga 1 zuwa 4 ne. 1, ba ma yi. 2, mun fara, ko muna yi jefi-jefi. 3, muna yi, amma ba a kowane aji ba. 4, kowa na yi, a rubuce yake, ga takardar. Doka ɗaya ce tak ke riƙe da zaman: abin da ba a nuna shaidarsa a tebur ba, ba ya wuce 2. Za ku ji an ce, "Hajiya, ai wannan kullum muna yi." Mai jan zama sai ta ce, "To Malama, nuna mana inda aka rubuta." In an nuna, madalla. In ba a nuna ba, a sa 2 a wuce, ba faɗa ba ne. Kowa ya fara rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, shugaba kuma ita ce ta ƙarshe wajen magana.

Manufa

Ku sa kowa ya rubuta cikin jimla ɗaya dalilin da ya sa ake gwada yara a makarantar, sannan a karanta. In amsoshin sun zo iri biyar, makin 1 ne ko 2. Wata za ta ce don a san wanda zai wuce SIL, wata don inspekta, wata don iyaye su ga ba a cinye musu kuɗi a banza ba. A ganina manufa ɗaya ce ta cancanci wahalar: a gane abin da ajin bai iya ba tukuna don a gyara koyarwa. IDELA da ECDI2030 an yi su ne don a ga halin da tarin yara ke ciki, ba don a yanke wa yaro ɗaya hukunci ba. Kuma ranar da malama ta gane cewa da sakamakon ajinta za a auna ta, daga ranar yaranta duka sun zama haziƙai a takarda.

Tattara bayanai

Nan za ku kashe rabin yinin, kuma ya kamata.

Ku fara da shekaru. Tsakanin yaro mai wata 48 da mai wata 59 akwai tazara babba, amma a rajista dukansu "shekara 4" ne. Tambayar ita ce: a cikin yaranmu, nawa ne muka san watan haihuwarsu da shekarar, kuma daga ina muka sani? Ku buɗe rajista ku ƙirga. Mun san halin da ake ciki da takardar haihuwa a arewa. Yara da yawa ba su da ita, wasu kuma sai an kusa jarrabawar CEP ta gama firamare ake zuwa kotu a nemo musu, a sa ranar da ta zo baki. In kuka ga yara bakwai a aji ɗaya duk an haife su ranar 1 ga Janairu, kun san ba haihuwa ba ce, cike gurbi ne. Karnen riga-kafi, wato katin allurar yaro, ya fi amfani, don allurar farko kusa da haihuwa ake yin ta kuma akwai kwanan wata a jiki. In shi ma babu, sai a koma kalandar abubuwan da suka faru a gari. Ku rubuta taku ku manna a bangon ofis. Azumin 2022 a Afrilu aka yi shi, babbar sallar shekarar a Yuli. Babbar sallar 2021 ma a Yuli ta faɗo. Uwar da ta ce ta haihu lokacin da 'yan ƙwallon Najeriya suka zo filin Rumde Ajiya suka doke Masar, Janairun 2022 take nufi, ba wanda ya manta wannan watan a Garwa. A gefen kowane suna ku sa alamar inda ranar ta fito: takarda, karne, ko ƙiyasi. Sannan a riƙa rubuta shekaru da watanni. Yaron da aka haifa a Maris 2021, in aka gwada shi a Oktoban 2025, watansa 55. Makarantar da ba ta yin wannan, duk lissafin da za ta yi daga baya a kan iska yake.

Sai harshe. A aji ɗaya za ka samu mai jin Hausa, mai jin Fillanci, ɗan Fali, ɗan Tupuri da iyayensa suka sauko daga arewa mai nisa neman gona, da ɗan ma'aikaci da aka turo daga kudu wanda Faransanci ne harshen gidansu. In ka ce wa dukansu da Faransanci su nuna maka babbar da'ira, wanda ya kasa ba ka san ko girma ne bai gane ba ko maganarka. Ku tambayi kanku abu uku. Shin muna rubuta harshen gidan kowane yaro? Shin umarnin kowane aiki a rubuce yake da Hausa da Fillanci, kalma ɗaya ga kowa, ko kowace malama fassara take yi yadda ta ga dama a lokacin? Shin muna rubuta harshen da aka yi gwajin da shi? Ta biyun ce ta fi cin makarantu. Wata malama za ta ce "ba ni biyar", wata ta ce "ba ni biyar, ka ƙirga da kyau, ɗaya, biyu", ta riga ta yi wa yaron rabin aikin. Gyaran ba wuya: a rubuta umarnin da Hausa, a ba wani da bai ga na Faransancin ba ya mayar da shi Faransanci, a gwada su. Inda suka saɓa, can matsalar take. Gwajin Faransanci yana da gurbinsa, tunda da shi za su yi SIL, amma a ware shi daban da gwajin lissafi da tunani.

Akwai kuma abin da takardun da aka rubuta a Turai ba su san da shi ba. Yaron da aka rene shi da kyau a gidan Bahaushe ko Bafillace ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya saurin amsawa, wani ba zai faɗi sunan mahaifinsa ba ko ya sani. Wanda aka sa wa sunan kakansa, Abba ko Baffa kawai ya san ana kiransa, in ka tambaye shi sunansa ya faɗi wannan, malama ta duba rajista ta ga wani suna daban ta sa masa sifiri. Haka nan uwa, in ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta zauna tana lissafa abin da ya iya ba. Ki tambaye ta ko yana haɗa jimla, ta sunkuyar da kai ta ce "oho, ku tambayi kakarsa". To, a tambayi kakar. Tambayar binciken kai a nan ita ce: mun taɓa zama mun bi ayyukan gwajin ɗaya bayan ɗaya mun ware waɗanda kunya ko al'ada ke iya kayar da yaro a kansu? Kuma wanda ke gwajin, yaron ya saba da shi? Baƙo da babbar riga da waya a hannu zai samu shiru daga yaron da ke cika aji da surutu.

Yanzu abin da na fi so a cikin zaman duka, don shi ne ba ya ƙarya. Kafin ranar, ku sa malamai biyu su kalli yara biyar tare, ɗaya na gwadawa, dukansu suna ba da maki kowa a takardarta, ba leƙe. A ce ayyuka goma ne. Yara biyar sau goma, maki 50 ke nan. Ku jera takardun biyu ku ƙirga inda suka yi daidai. In sun dace a 38, kashi 76 cikin 100 ke nan. Ni in bai kai 80 ba, ban yarda a gwada sakamakon ajin wannan da na waccan ba, don bambancin da za a gani na malamai ne. Ku duba ayyukan da suka fi saɓawa a kai. Kusan kullum waɗanda ba a fayyace ba ne, irin su "yana riƙe fensir da kyau" ko "yana wasa da 'yan uwansa". Mene ne da kyau? A zauna a rubuta: da yatsu uku yake riƙewa, ba da dunƙulen hannu ba. A sake gwadawa bayan mako biyu.

Lokacin gwaji ma a duba shi. Makon farko na Satumba yara kuka suke yi, ba abin da za ka auna sai kuka. Tsakiyar Oktoba ya fi, sai dai lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, don haka a rubuta doka: yaron da ya tashi daga ciwo a ba shi mako guda. Gwajin ƙarshe a Mayu, da safe. Duk wanda ya san ranar Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai zaunar da ɗan shekara huɗu ƙarƙashin kwano da ƙarfe goma sha ɗaya ya ce ya jera masa siffofi ba. Tambaya: kwanakin gwajinmu iri ɗaya ne a kowane aji da kowace shekara?

Na ƙarshe a wannan kashi, waɗanda suka ɓace. Ku ƙirga yaran da aka rubuta a farkon shekara, ku ƙirga waɗanda ke da gwaji biyu, na shiga da na fita. A ce 60 aka rubuta, 45 ke da biyun, kashi 75 cikin 100 ke nan. Ina sauran 15? Wanda mahaifinsa ya kasa biyan zango na biyu, wanda aka tafi da shi ƙauye girbi, wadda ciwo ya kwantar. Galibi su ne waɗanda suka fi rauni a Oktoba, kuma ficewarsu kaɗai tana ɗaga matsakaicin maki na Mayu ko da ba a koyar da komai ba. Ku zaro takardunsu na Oktoba ku gwada da na waɗanda suka tsaya. Makarantar da ke rubuta dalilin ficewar kowane yaro ita ce ta cancanci 4.

Nazari

Yaro yana girma ko ya zo makaranta ko bai zo ba. Mai wata 48 a Oktoba ya zama mai wata 55 a Mayu, kuma zai fi iya magana da tsalle da ƙirga ko da a tsakar gida ya yi watannin bakwai. Saboda haka "yaranmu sun ƙaru daga Oktoba zuwa Mayu" ba labari ba ne. Shi ya sa a tsarin Amurka abin da ake tambaya shi ne ko yaron ya matso kusa da abin da sa'anninsa ke iyawa. Mu da ba mu da teburin ƙididdiga, akwai hanya mai sauƙi: ku ɗauki yaran da a Mayu suke da wata 54 zuwa 59 bayan sun yi shekara a hannunku, ku gwada su da sababbin shiga da suka zo a Oktoba suna da waɗannan watannin. Shekaru ɗaya, bambancin shi ne zaman aji. Ba cikakkiyar hujja ba ce, don gidajen da ke kawo yaro da wuri ba lalle su zama irin masu kawowa a makare ba, kuma in yaran ba su kai goma a kowane ɓangare ba kada ku ɗora magana mai nauyi a kai. Amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Sauran tambayoyin nazari gajeru ne. Muna raba sakamako tsakanin mata da maza, da kuma bisa harshen gida? Akwai wanda ke bin takardun yana neman abin da ba zai yiwu ba, kamar aji guda da kowa ya ci kowane aiki, ko yara goma a jere masu amsa iri ɗaya, alamar an cike takardun a gida da daddare? Aikin da kowane yaro ke ci tun Oktoba ba ya gaya muku komai, a cire shi a sa wanda ya ɗan fi wuya.

Rahoto da aiki da shi

Bultin da Faransanci yake, iyaye mata da yawa ba sa karanta shi, uba kuma tambayarsa ɗaya ce: "Malama, na nawa ya zo?" Ni ban yarda da jera 'yan shekara huɗu na ɗaya zuwa na arba'in ba. Abin da muke yi shi ne a gaya wa uwa da baki, da harshenta, abu biyu da yaron ya iya da abu ɗaya da za a taya shi a gida. Ku tambayi uwar da ke zaune tare da ku me ta fahimta daga bultin ɗin bara. Amsarta ita ce makinku.

A nan ne kuma za a duba inda takardun ke kwana. Hoton sakamakon yaro da sunansa ba ya shiga zauren WhatsApp na iyaye. Abin da zai fita daga makaranta ya fita da lamba, ba da suna ba. Masu aiki da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai a waya, su tambayi kansu wa ke riƙe da kalmar sirri, kuma in malamar da ke da wayar ta bar aiki gobe, me zai rage. Masu takarda su sayi akwatin ƙarfe, gara ba ta san darajar gwaji ba.

Tambayar aiki da sakamako guda ɗaya ce, kuma ita ce ta fi sa ɗaki ya yi tsit: ku faɗi abu ɗaya da aka canza a aji saboda sakamakon bara, ku nuna inda aka rubuta. Misalin da nake yawan gani shi ne ƙirga. Yara suna rera ɗaya zuwa ashirin da Faransanci kamar waƙa, iyaye suna murna. Ka zube marafan kwalba a gabansu ka ce a ba ka biyar, sai yaro ya damƙo cike da hannu. In gwajinku ya nuna haka, sannan aka sa minti goma sha biyar kowace safiya na ƙirga marafai da ƙwallon dabino a jadawali, wannan shi ne aiki da sakamako. In kuwa takardun sun tafi ofishin inspekta sun dawo akwati, ku sa 1 ko da gwajin ya yi kyau kamar me.

Sauran kashi biyu

Bitar tsarin kansa ita ce wannan zaman da kuke yi. Karon farko makinku 2 ne, kada a ɓata lokaci a kai.

Haɗin kai ya fi nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 29 cikin 100 na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma yankunan arewa sun fi haka. Yaron da ke fama da yunwa ko yake jin magana sama-sama saboda ciwon kunne zai faɗi gwajinku, kuma ƙarin darasi ba zai warkar da shi ba. Ku tambaya: in mun ga yaro ya yi baya sosai, akwai hanyar da aka sani ta tura shi asibiti, kuma muna jin abin da aka samu? Ma'aikacin lafiya zai iya koya wa malaman ajin matsakaita awon damtse da zaren nan mai launi uku, wanda ake yi wa yara har wata 59: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya. Malamin SIL kuma ku tambaye shi kai tsaye, "Malam, yaran da muka ce sun shirya, haka ka same su?" In ya yi murmushi ya kau da kai, ku ba shi shayi ku sake tambaya.

Bayan an tashi

Kada ku tara makin ku raba ku ce makarantarmu ta samu kaza. Matsakaicin maki yana ɓoye 1 ɗin da ke wajen shekaru a bayan 4 ɗin da ke wajen tsabtar rajista. Ku zaɓi abu uku kawai, mafi yawa, ku fara da wanda sauran suka dogara a kansa. Kusan kullum shekarun yara ne, sai rubutaccen umarni da harsunan gida, sai daidaita malamai. Kowanne a rubuta wa zai yi, zuwa yaushe, sefa nawa zai ci. "Malamar ajin manya za ta karɓi karnen riga-kafi na kowane sabon yaro ranar rajista ta kwafe kwanan wata, a gama kafin ƙarshen Satumba" aiki ne da za a iya dubawa. "Za mu inganta bayanai" ba aiki ba ne. A sa rana a Disamba, kafin hutu, a zauna rabin awa a ga ina aka kwana.

Inspekta a ba shi jerin gyare-gyaren, zai ji daɗinsa, wataƙila ma ya taimaka da horo. Makin kuwa na cikin gida ne. In aka fara gwada makarantu da shi, shekara mai zuwa kowa 4 zai kawo.

A gefen kowane maki ku rubuta shaidar da aka gani da sunan takardar, don badi wasu makin za su sauka ko da aikin ya gyaru. Malamai sun ƙara sanin abin da ake nema, sun daina yi wa kansu rangwame, abin da suka ba 3 bana sai su ba shi 2. In shaidar bara tana rubuce, sai a ɗauko ta a jera da ta bana a ga ko aikin ne ya ja baya ko idon masu dubawa ne ya ƙara kaifi, sannan a zaɓi ukun da za a sa a gaba.